Layukan da Suka Maƙale

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwarka? Direban da ke kawo mana wasiƙu ya ce ya gan ka ranar Asabar kana ɗaga tukunyar gas kai kaɗai, alhali likita ya hana ka. Na dai ji. Ni ma lafiya lau, sai 'yar mura da ta taɓa ni ta wuce.

Da a waya ne da na faɗa maka labarin nan cikin minti biyu, amma tun da ka ce injin ɗab'i ya cinye maka kunne shekara talatin da biyu, ga biro ga takarda.

An ba ni sabon aiki a ofis. Ka san kamfaninmu yana gina wani ƙaramin harshen kwamfuta don 'yan makaranta su koyi rubuta manhaja. A cikin harshen akwai wani umarni da aka gina masa tun asali, ana ce masa print. Shi ne abu na farko da kowane ɗalibi zai koya: ka ba shi magana, shi kuma ya fito da ita a fuskar kwamfuta, ko ya zuba ta cikin fayil. Ni aikina in yi ta matsa masa har sai ya yi kuskure, kafin ya isa hannun yara.

Da shugabarmu ta faɗa min, sai da raina ya ɗan sosu. Abokan aikina an ba su manya-manyan abubuwa, ni an ba ni abin da yaro ɗan shekara tara ke rubutawa ranar farko. Amma da na zauna da shi kwana biyu, sai na ga ashe sana'arka ce aka miƙo min a wata riga. Magana ta shiga, magana ta fito, wani ya zauna ya duba ko abin da ya fito shi ne abin da aka faɗa. Ba shi ka yi ba duk rayuwarka?

Na ba shi lamba, ya fito da ita. Na ba shi magana wadda babu komai a cikinta, ya ba ni layi fari fes. Na ɗora masa kalma dubu goma a layi ɗaya, ko tari bai yi ba. Inda ya fara tuntuɓe shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Na rubuta masa ƙasa, ya miƙo min alamar tambaya da asa a bayanta. Wanda ya rubuta umarnin, wani dogo mai gilashi da ke zaune kusa da taga, ya ce bai taɓa sanin k tana da ƙanwa ba.

To ga roƙona. Na tuna wani littafinka mai shuɗin bango, wanda kake rubuta jimlolin gwaji a ciki idan an kawo sabbin haruffa shago. Idan yana nan, ka kwafo min guda goma, waɗanda ƙugiya ta fi yawa a cikinsu. Ina so in ba wa mai gilashi ciwon kai na sati guda.

Ka gaishe min da Inna. Ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa min tana nan, har wata a ofis ta tambaye ni shagon da na saya.

Ɗiyarku.

15 ga Fabrairu

Waƙafi,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kika warke. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ba ta tafi ba, ba ta kuma ƙara aure ba. Direba kuwa ki gaya masa ya riƙa kallon hanya, ya bar kallon tsakar gidan mutane.

Na yi dariya da na ga tsawon wasiƙar. Tun kina shekara biyar na sa miki Waƙafi saboda magana ba ta kai aya a bakinki, ga shi har yau ban yi ƙarya ba.

Kada ki raina aikin nan. A shagonmu, wanda ke duba shafi kafin a tada inji shi ne ake mantawa da shi idan littafi ya yi kyau, shi ne kuma ake nema da bulala idan ya ɓaci. Na taɓa barin ƙugiya ɗaya ta faɗi a katin wani mai sayar da kayan gini, maimakon mai ƙarfe da ƙusa ya zama mai ƙarfe da kusa. Sati biyu yana zuwa yana tambayata, kusa da ina?

Littafin yana nan, ɓera ya ci masa kusurwa ɗaya. Na kwafe goma a bayan wannan takarda. Ga uku da na fi so:

Ƙaramin ɓera ya ɗauki ƙwai huɗu ya ɓuya ƙarƙashin ɗaki.
'Ya'yan maƙera sun ƙi ɗanɗana ɓawon ƙwai.
Ɗan ɗako ya ɓarar da ƙullin ƙusa a ƙofar maɗinki.

Idan injin naku ya haɗiye waɗannan bai shaƙe ba, ku sake shi ya tafi makaranta.

Innarki tana gaishe ki. Jikinta lafiya, tana ci tana sha. Sai dai 'yar mantuwa ta tsufa. Shekaranjiya ta sa makullin ɗaki a cikin firij, muka yini muna birkita gida. Jiya kuma ta dafa min shayi sau uku kafin hantsi, kowanne ta ce shi ne na farko. Ni dai na shanye, ba na mayar da alheri.

Idan kin sami sarari a watan gobe, ki leƙo mu, ko na kwana uku ne. Ba wani abu ba ne. Tana dai yawan ambatonki. Kin san tun ranar da muka rufe ƙanwata muka ɗauko ki kina shekara huɗu, ba ta taɓa yarda a ce 'yar riƙo ce ke ba. Rabonki da gida yanzu wata goma sha huɗu, ita ce ta ƙirga, ba ni ba.

Kawunki.

26 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya gwiwa, ya Inna. Kada ka yi mamakin ganin wannan takarda ba da rubutun hannuna ba. Duk abin da kake karantawa, umarnin nan ne ya fito da shi. Na rubuta 'yar manhaja, kowane layi na wasiƙar na miƙa wa print, shi ya jera su, injin ofis ya buga. Na ce bari tsohon ma'aikacin ɗab'i ya duba aikin jikansa, ya ba shi maki.

Jimlolinka sun yi aikin da na aike su. Biyun farko kaɗai sai da suka tona kurakurai uku. Babbar Ƙ ta fito daidai, ƙaramar ta ƙi. Ɓ ta fito kamar akwati. 'Ya'yan maƙera kuwa suka tsayar da manhajar gaba ɗaya, saboda alamar da ke gaban y ta sa kwamfuta ta zaci magana ta ƙare tun ba a fara ba. Mai gilashi ya cire gilashin ya murza ido ya ce, "Wane ne ya rubuta wannan jimla, kuma me na yi masa?" Na ce kawuna ne, kuma akwai sauran takwas.

Yanzu duk ya gyara. Duba da kyau, ƙugiyoyin suna nan reras. Shugabarmu ta sa an saka jimlolinka goma a cikin gwaje-gwajen da za a riƙa yi kullum, ko bayan na bar wurin. Wato ɓeranka da ƙwansa huɗu sun sami aiki na dindindin.

Saura abubuwa da yawa. Akwai yadda yake raba kalmomi idan an ba shi da yawa a lokaci guda, akwai yadda yake rufe layi, akwai lambobi masu ɗigo. An sa mana ƙarshen Afrilu mu miƙa harshen ga makarantu goma sha biyu, kuma mu huɗu ne kawai a sashen gwaji.

Batun zuwa kuwa, Kawu, gaskiya watan gobe zai yi wuya. Shugabarmu ta ce babu mai hutu sai an miƙa aiki. Makulli a firij ai kowa na yi, ni ma rannan na yi ta neman wayata tana hannuna. Yanzu aiki ne a gabana, komai sai ya jira.

9 ga Maris

Malama,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso. Haruffan sun fito da kyau, ban ga kuskure ko ɗaya ba.

Mu nan lafiya. Ki yi aikinki, Allah ya taimaka.

Kawunki.

18 ga Maris

Kawu,

Wa alaikas salam. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta da na ga ka ce kuna lafiya. Kwana goma sha ɗaya ina jiran amsar nan, kullum direba ya zo sai na tare shi a ƙofa. Tun da ka ce lafiya, na ɗauka lafiyar ce, don ban taɓa sanin ka da ɓoye min magana ba.

Amma wace ce Malama? Tawada ce ta ƙare maka, ko gwiwar ce ta hau zuwa hannu? Layi uku kacal. Na juya bayan takardar ina neman sauran.

Ina kiran Inna duk ranar Lahadi. Muryarta tangaram. Mu gaisa, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni gajiya, ta tambaye ni mutanen gida, ta sa min albarka har sai na ce amin sau goma. Makon jiya ta ce min, "Ki riƙa cin abinci, kada ki zauna da yunwa." Na ce wannan ai Innata ce, babu abin da ya taɓa ta.

Aiki yana tafiya. Wannan makon lambobi nake fama da su, ya fito min da uku da ɗigo da sifili goma sha shida da huɗu a ƙarshe, inda ya kamata ya ce uku kawai. Da zarar mun miƙa, zan karɓi sati biyu cur in zo in dame ku da surutu har ku roƙe ni in koma.

Ka rubuto min doguwa, don Allah.

Waƙafinka.

29 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban san ko kuna lafiya ba, shi ya sa nake fata. Wasiƙa biyu na aiko tun bayan taka ta watan Maris ba amsa, na yi ta ce wa kaina gwiwa ce, ko direba ne ya yar. Yau na gane. Da hannuna nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da yadda rubutun ya karkace.

Da safen nan na zo kan gwaji na kusa da ƙarshe. Duk watannin nan a fuskar kwamfuta nake duba abin da umarnin ya fitar. Yau ne na zo kan zubawa cikin fayil. Na ba shi layi ɗari. Na buɗe fayil na ƙirga, casa'in da ɗaya. Na sake, casa'in da ɗaya. Na kira mai gilashi, ya duba, ya dafe kai.

Ga abin da ke faruwa, da yaren shagonka. Idan fayil zai zuba wa, ba ya kai layi ɗaya-ɗaya. Tara su yake yi a wani ɗan faranti, idan ya cika ya juye, ya sake tarawa. Idan aiki ya ƙare, dole ya juye ragowar ko da farantin bai cika ba. Wannan juyewar ta ƙarshe ce aka manta ba a rubuta ba. Duk abin da ya rage a farantin, nan yake mutuwa, kuma ba ya ce wa kowa komai.

Ofis ya ɗauki murna. Shugabarmu ta tara mutane ta ce da wannan ya isa makarantu, da yara dubu sun yi ta asarar ƙarshen aikinsu suna zargin kansu. Aka tafa min. Ina tsaye ana tafi, sai na tuna wasiƙar da na aiko maka a Fabrairu. A fuskar kwamfuta na karanta ta, cikakkiya. Sannan na juya ta cikin fayil na tura wa injin bugawa. Direba yana ƙasa yana ta danna hon, na ciro takardar da ɗuminta na ninke na liƙe. Ban duba ba. Ni da aikina ke nan a duniya, in duba abin da ya fito.

Na koma teburina na nemo fayil ɗin. Ya tsaya a kan "komai sai ya jira." Babu sallama, babu suna. Na fita na zauna a matakalar bene, mai shara ta zo ta same ni ta ce, "Lafiya, 'yata?"

Ga abin da ya maƙale, na kwafo shi daga manhajar harafi da harafi:

"Haka nake gaya wa kowa a nan, har da kaina. Amma ban da ku. Maganar shayi sau uku ta tsaya min a rai, na kasa haɗiye ta. Na san ka, Kawu, idan ka ce ba wani abu ba ne, wani lokaci abu ne. Don Allah ka gaya min gaskiya. Idan abin ya wuce mantuwar tsufa, kada ka wahalar da kanka da bayani, ka rubuta min kalma ɗaya, zo. Zan ajiye aikin nan a kan tebur in taho, ko da za su kore ni. Idan kuma lafiya ce, ka ce lafiya, in jira Afrilu da kwanciyar hankali. Ka sumbatar min hannun Inna. Ɗiyarku har abada, Waƙafi."

Da ka rubuto "mu nan lafiya," na ɗauka tambayata kake amsawa. Ashe ba ka taɓa ganin tambayar ba. Wata biyu kana zaune da takardar da na ce maka ku jira.

Ba zan ɗora wa mai gilashi ba. Kuskurensa layi ɗaya ne, ya gyara shi kafin azahar. Nawa ban san girmansa ba tukuna. Kai ne za ka gaya min.

Yaya Inna?

Ɗiyarku.

6 ga Mayu

Waƙafi,

Wa alaikis salam. Na karanta takardarki sau huɗu a tsaye, sannan na zauna. Jikinmu lafiya. Sauran kuma ga shi, ba zan ƙara rufe miki komai ba.

Kafin nan, ki sauke rabin kayan da kika ɗora wa kanki, nawa ne. Shekara talatin da biyu ina duba shafi. Idan aka kawo min takarda ba sallama ba sa hannu, ko ta baƙo ce, na san an yi ɓatan shafi, sai in aika a tambaya. Taki ta zo haka, na gani da idona. Har na juya bayanta. Amma zuciya ta riga ido. Na ce yarinya ta shiga ofis mai sanyi, ta fara aiko mana da takardar inji, ko sunanta ba ta da lokacin sawa. Na yi fushi irin na tsofaffi, wanda ba a faɗa, sai dai a gajarta magana a jira a gane. Wasiƙunki biyu na baya suna cikin aljihun tebur. Na karanta su, na ƙi amsawa. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna.

Tun watan Janairu likita ya gaya min sunan ciwon. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ke gogewa sannu a hankali, ba ta dawowa, kuma idan akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo da wuri. Abin da ya kamata in rubuta miki ke nan a Fabrairu. Sai na rubuta miki labarin makulli da shayi, don ki yi dariya, don kada in ga maganar a rubuce.

A watan Maris tana da ranaku masu kyau. Takan zauna ta ba ni labarin ranar da kika haɗiye maɓallin riga, da sunan nas ɗin da ta ciro shi. Kullum sai ta tambaya yaushe za ki zo. Ina ce mata kina da aiki.

Ranar tara ga Afrilu da hantsi na shiga wanka, na fito ba ta nan. Tela na bakin titi ne ya gan ta a ƙofar makarantar firamarenku, da lema a hannu, tana jiran a tashe ku. Ta ce masa hadari ya haɗo, kuma ɗiyarta ba ta son tsawa. Ya rufe shagonsa ya rako ta gida. Tun daga ranar na sa sakata a sama inda hannunta ba ya kaiwa.

Kiran Lahadi kuwa, ina zaune kusa da ita duk lokacin da kika kira, ina kallon bakinta. Gaisuwa ba ta goge ba, ita ce za ta tafi a ƙarshe, in ji likita. Za ta iya gaisawa da kowa minti goma ba a gane komai ba. Makonni uku da suka wuce, da ta ajiye wayar, ta juyo ta ce min, "Wace ce wannan mai kirkin?"

Ni tana gane ni, yawancin ranaku.

Kin ce kalma ɗaya. Na makara da ita wata biyu da kwana goma.

Zo.

Kawunki.

28 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, motar ba ta tsaya ko'ina ba. Ya kuka kwana, ya gwiwa? Ka tuna maganin Inna na safe fari ne, na yamma mai ruwan ɗorawa, na rubuta a jikin kwalaben da manyan baƙaƙe.

Akwai abin da na kasa faɗa maka muna tare, saboda sai na ɗaga murya kafin ka ji, kuma ba magana ce ta ɗaga murya ba.

Ranar da na iso, da ta tashi ta shimfiɗa min darduma ta ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa daga ina?" sai na zauna a kan dardumar kamar baƙuwa. Kai ka ga fuskata, ka fita tsakar gida. Amma kwana goma sha shida ɗin nan ba su zama abin da na ji tsoro ba. Ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta ba ni kofinta mai fure, wanda ba ta ba kowa. Ranar Laraba ina taje mata kai, ta ce, "Hannunki da sauƙi, wa ya koya miki?" Na ce innata ce. Ta ce, "Allah ya saka mata."

Kullum sai ta ba ni labarin ɗiyarta. Wai tana can nesa tana aikin kwamfuta, ƙwaƙwalwa gare ta kamar me, surutu kamar rediyo. Na tambaye ta, ba ta jin haushi da ɗiyar ba ta zuwa? Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Aiki ne ya riƙe ta. Da ta sami hanya da kin gan ta a nan."

Abin da ke cina shi ne Maris. Ka ce a Maris tana tuna maɓallin riga. Da na zo a lokacin, da ta kira ni da sunana ko sau ɗaya, da na ce mata na gode tana sanin wa ke faɗa. A Maris ina nan ina faɗa da sifili goma sha shida.

An miƙa harshen ga makarantu. Jiya aka nuna mana hoton wani aji, yara sun sa kwamfuta ta rubuta sunayensu, da ƙugiya da komai. Na yi ƙoƙarin in ji daɗi.

Na yi magana da shugabarmu. Ta yarda in riƙa aiki daga gida sati biyu a kowane wata, daga Yuli. Ka sa a gyara min soket ɗin ɗakina, yana tartsatsi.

Waƙafinka.

7 ga Yuni

Waƙafi,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, kuma wannan karon lafiyar da kika sani nake nufi. Tana shan magani, tana barci, ta ƙara ƙiba kaɗan. An gyara soket. Tela yana leƙowa kullum da la'asar ya zauna da ita in samu in miƙe ƙafa.

Batun Maris, ba ni da abin da zan ce miki wanda zai dawo da shi. Ni ma ina da nawa Maris ɗin, ina kwana da shi ina tashi da shi. Ke takarda ce ba ki duba ba. Ni mutum na ƙi tambaya. Mu roƙi Allah gafara, mu yafe wa juna, mu riƙe abin da ya rage.

Rana ta uku bayan tafiyarki na ga ta shiga ɗakinki ta gyara gadon, ta tsaya tana kallonsa. Ta fito ta zauna kusa da ni, ta matso da bakinta kunnena yadda takan yi, ta ce, "Baƙuwar nan ta tafi?" Na ce ta tafi, amma za ta dawo nan ba da jimawa ba. Ta ce to a wanke mata labule.

Can sai ta taɓa hannuna ta ce, "Yarinyar tana da hankali. Ita ma ba ta da uwa, ka sani? Na gani a idonta. Ya kamata ɗiyata ta san ta, za su shaƙu."

Na ce mata in sha Allahu zan haɗa su.

Ki taho da rigar sanyi, an fara ruwa.

Kawunki.